Kwalin Cuku Zuwa Damagaram

Ranar Litinin da hantsi, Insifekta Mu'azu bai kai ga kurɓar shayinsa ba sai ga wani dattijo ya shigo ofishinsa a komisariyar 'yan sanda ta Agadez, wata budurwa na biye da shi. Rigar dattijon na ƙanshin albasa. Budurwar kuwa idanunta sun yi jawur, aka ba ta kujera ta ƙi zama.

"Ranka ya daɗe, sunana Mamuda, kayan lambun Dabaga nake saidawa. Takardun ɗiyata Sa'adiya ne suka ɓata."

"Waɗanne takardu?"

Sa'adiya ta karɓe maganar. "Dosiyena ne, Mushe Insifekta. Takardar bak ta asali, wato shaidar gama sakandare, da ta haihuwa, da ta zama ɗan ƙasa. Na ci jarrabawar shiga makarantar kiwon lafiya a Damagaram. Sati uku ke nan da aka aika, sun ce bai iso ba. Alhamis da azahar za su rufe, su ba wani gurbina."

"Ki nemi wata takardar bak ɗin mana."

"Daga Yamai take fitowa. Ko yau na nema, sai an yi watanni."

Mu'azu ya jawo takarda. "Sunan makarantar?"

"Asad," in ji Mamuda.

"Ba Asad ba, Baba. ISSAD."

"To mi na ce?"

"Akwai ISSAD, akwai ISSAT, akwai kuma ESSAD," ta yi wa insifekta bayani. "Duka uku a Damagaram suke, duka kiwon lafiya suke koyarwa. Tawa ita ce ISSAD."

Mu'azu ya ajiye alƙalami ya dafe goshi. Gari guda, makarantu uku, kuma duk Hausa da Faransancin duniya aka rasa sunan da za a raɗa musu sai waɗanda ko mai shela ba zai bambanta ba. Ya sa ta rubuta su da hannunta, ya ja layi a ƙarƙashin ta farko.

"Wa ya aika dosiyen?"

"Ƙanena Alhassan," in ji Mamuda. "Shi ne mai boko a gidanmu. Shekara ashirin ya yi yana sakatare a lakkol, makarantar boko. Ba ƙararsa na kawo ba fa, ranka ya daɗe. Taimako nake nema."

Mu'azu ya samu Alhassan a ƙofar gidansa a unguwar Tudu, yana zaune kan kujera da tabarau a hanci. Mutum ne mai tsabta, mai magana a hankali, irin waɗanda sai sun gyara murya kafin su ce sannu.

"Mushe Insifekta, kunya ta hana ni barci. Laifina ne. Na kai ambulop ɗin tashar kar, manyan motocin fasinja, da hannuna, amma ina jin sunan makarantar na rikita. Wataƙila ISSAT na rubuta, wataƙila ESSAD. Tsufa ne."

"Ina resin, takardar shaidar da aka ba ka a tasha?"

"Ya tafi cikin wanki."

"Ka kira sauran makarantun biyu?"

"Sau uku-uku. Sun ce ba su ga komi ba."

"To sunan wa ka sa a bayan ambulop ɗin?"

"Sunan makaranta kawai. Ai biro ne, ofis, ba mutum ba."

Mu'azu ya dube shi. Shekara ashirin yana cika takardun yaran mutane, sai na ɗiyar yayansa ne za su gagare shi. Amma zato ba hujja ba ne, ya yi sallama ya koma ofis.

Sauran yinin a kan telefon ya ƙare. ISSAD suka ce dosiye bai zo ba, kuma Alhamis Alhamis ce. ESSAD ba wanda ya ɗauka sai kira na biyar, shi ma mai gadi ne. Da ya samu ISSAT, bai gama faɗin sunan yarinyar ba matar da ke biro ta katse shi.

"Jarrabawar shiga ka ce ta ci? To ba mu ba ne, mu ba mu yin jarrabawa. ISSAD kake nema. Kullum sai an kira mu a kan ɗalibansu, mun gaji!"

"Madam, ki duba mani dai..."

Ta kashe. Ya sake kira, ta ƙi ɗauka. Mu'azu ya wurgar da telefon ɗin kan tebur har mataimakinsa Birgadiye Idrissa ya leƙo ya ga ko lafiya. Kwana ɗaya ya tafi a banza, haushi ya cika shi.

Talata da safe ya nufi tashar kar. A wurin karɓar saƙo ya tarar da wata mata mai suna Ramata, tana tsakanin buhuna da kwalaye, tana masifa da wani mai akuya.

"Madam, in mutum ya rikita sunan makaranta a bayan ambulop, ina saƙon yake zuwa?"

"Ba ya zuwa ko'ina, don ba na karɓa."

"Kamar yaya?"

"Mu ba mu kai saƙo gida ko makaranta. In motar kar ta sauke a tasha, a kira mai shi, ya zo da katinsa ya ɗauka. Saboda haka sai da sunan mutum da lambar telefon ɗinsa. Makaranta tana da ƙafar zuwa tasha ne?"

Mu'azu ya ji kamar an zare masa ƙaya. "Buɗe mani littafin sati uku da suka wuce."

Ta lashi yatsa ta yi ta juya shafi, har ta tsaya.

"Ga shi. Alhassan, unguwar Tudu. Ambulop ɗaya, kwali ɗaya. Mai karɓa Hajiya Baturiya, Damagaram, ga lambarta. An karɓa washegari."

"Mi ke cikin kwalin?"

"Cuku da dabino, da lemun Timia. Na tuna, don sai da ya ce kada a ɗora masa kaya a kai, cukun zai farfashe."

Mu'azu ya kwafe lambar, ya fito ya tsaya a inuwa. Shi ma ɗan gari ne. Ya san mutumin Agadez ba ya haɗa wa baƙon da bai sani ba kwalin cuku da dabino. Irin wannan kwali na mutum ɗaya ne: wanda ya riƙe maka ɗa a gidansa. In ɗanka na cin tuwon wani, ba ka aika masa takarda tsurarta, ko da takardar ta sata ce. Kunya ba za ta bar ka ba.

Ya bi ta kasuwa, ya samu Mamuda yana auna albasa.

"Malam Mamuda, ka san wata Hajiya Baturiya a Damagaram?"

"Ƙanwar matar Alhassan ce. Lafiya?"

"Alhassan yana da ɗa mai karatu a can?"

"A'a. Ɗiyarsa Asiya ce kawai ta kai bak, ita ma sau uku tana faɗuwa, Allah sarki. Yanzu tana Timia wurin kakarta, ta je hutawa."

"Tun yaushe?"

Mamuda ya yi lissafi da yatsu. "Zai kai wata guda."

Insifekta ya koma cikin mota ya rufe ƙofa, ya buga lambar. Bai ce shi ɗan sanda ne ba, bai kuma ce ba shi ba ne.

"Salamu alaikum, Hajiya. Daga Agadez ne. Kwalin da Malam Alhassan ya aiko, ya iso lafiya?"

"Ai tuni! Ka ce masa an gode, Allah ya saka. Cukun nan har makwabta sai da suka samu."

"Madalla. Yarinyar fa?"

"Asiya? Lafiyarta lau. Ta fara zuwa lakkol ɗinta, har an ba ta farar riga."

"Wace lakkol ce ma?"

"Oho, Isa ne ko Isatu, sunayen nan nasu. Wadda ke bayan gidan mai dai. Ni abin da ya dame ni, ƙawayenta in sun zo sai su ce ina Sa'adiya. Na tambaye ta, ta ce wai sunan takarda ne."

Mu'azu ya yi godiya ya kashe. Ya kira wani abokin aikinsa a komisariyar Damagaram, ya ce ya taka da ƙafarsa zuwa ISSAT, tunda telefon bai isa ya sa su buɗe durowa ba. Kafin la'asar amsa ta zo. Dosiyen Sa'adiya Mamuda na nan cikakke, amma hotunan da ke manne a kai na wata yarinya ce daban.

Aka kira Alhassan komisariya. Ya shigo da tabaransa, ya ga yayansa da Sa'adiya zaune, ya gyara murya.

"An dace, Mushe Insifekta?"

"An dace. Zauna. Ka ce sunan makaranta kawai ka rubuta?"

"Haka ne."

"Tasha ba ta karɓar saƙo sai da sunan mutum. Wa ka sa?"

Alhassan ya cire tabarau ya goge. "Af, na tuna. Wata mata ce aka ce mani tana aiki a makarantar."

"Ƙanwar matarka ce ke aiki a makarantar?"

Mamuda ya juyo ya dubi ƙanensa.

"Cuku da dabino da lemu, su ma na dosiye ne?" Mu'azu ya ci gaba. "Ina Asiya?"

"Tana Timia."

Insifekta ya juya telefon ɗinsa ya tura masa a kan tebur. Hoton shafin farko na dosiyen ne: sunan Sa'adiya a sama, fuskar Asiya a gefe, hatimin makaranta a kai.

Mamuda ya karɓi telefon ɗin, ya kawo shi kusa da idonsa. Ba ya karatu, amma fuskar yarinyar da aka raɗa wa suna a tsakar gidansa ba ta buƙatar karatu.

"Alhassan," in ji shi. "Ni na cire ka daga lambu na kai ka lakkol. Ni na yi ta ban ruwa kai kana aji."

"Yaya, ka yi haƙuri."

"Da hannuna na ba ka takardun nan!"

Alhassan ya sunkuyar da kai. Da ya fara magana, a hankali ya yi ta, kamar mai karanta rahoto.

"ISSAT ba su neman komi sai takardar bak. Na ga yaran shekarunsu ɗaya, sunan kakansu ɗaya. Na ce in an gane, sai in ce sunan makaranta na rikita, wa zai ƙaryata ni? Kowa rikitawa yake yi. Asiya ta daina cin abinci, Yaya. Sau uku ina zuwa duba sakamako ina dawowa da kai a ƙasa, ni da ake kira mai boko."

Ya juya wajen Sa'adiya. "Ke Allah ya ba ki kai. Ko baɗi kin sake, za ki ci. Ita ba ta da wata hanya."

Sa'adiya ta miƙe tsaye. Hawaye na zuba amma muryarta ba ta karye ba.

"Baba Alhassan, da wace takarda zan sake? Ka tafi da bak ɗina, ka tafi da takardar haihuwata. Da ka ce in zauna shekara guda in koya mata, wallahi da na zauna. Sati uku kana zuwa gidanmu kana ce mani in yi haƙuri, ƙaddara ce."

Mu'azu ya yi wa Birgadiye Idrissa alama, ya zo ya kama hannun Alhassan. A bakin ƙofa Alhassan ya waiwayo yana neman idon yayansa. Mamuda ya kau da kai, aka wuce da shi.

Aiki bai ƙare ba. Dosiyen ya zama shaida, 'yan sandan Damagaram suka ce ba za su sake shi ba sai da izini. Mu'azu ya yi kusan awa guda a telefon yana roƙo, yana faɗa, yana sake roƙo, kafin aka yarda su ajiye kwafi su ba mai shi na asali. Amma da sharaɗi: yanzu Sa'adiya Mamuda biyu ce a garin, sai wadda ta zo da takardar 'yan sanda za a miƙa wa.

Ya zauna ya buga takardar da kansa, ya manna hotonta, ya sa hannu, ya doka hatimi da ƙarfin da ya sa kofin shayi ya yi tsalle.

"Ki shiga motar kar ta farko gobe da safe. Kada ki ba kowa wannan ya riƙe miki, ko waye shi."

Sa'adiya ta karɓa ta karanta. Layi uku ne kacal, suna shaida cewa mai ɗauke da wannan takarda ita ce Sa'adiya, ɗiyar Mamuda.

"Mi aka rubuta?" in ji uban.

"An rubuta ni ɗiyarka ce, Baba."

Mamuda ya rufe fuska da hannun rigarsa. Ta ninke takardar, ta kama hannunsa, suka fita neman tikiti.