Matar Maƙeri Tana Kanti

A bakin maƙera Corinne ta fara ganinsa, ranar da ta raka mahaifinta, Arne Halvorsen, Tsohon Garin Dry Fork, inda ake nuna wa baƙi yadda mutanen da suka rayu. Duk shekara sai tsohon ya je ya duba ɗakin gungume na kakansa, wanda aka ɗauko daga gonarsu aka kafa a can tare da tsohuwar coci, da kurkuku, da kantin zamanin da. Yana can yana mitar yadda suka gyara rufin, ita kuwa ta bi ƙarar masaba.

Saurayi ne sanye da walki, fuska duk baƙin gawayi. Ya ɗago ya dube ta, har ƙarfen da ke awartakinsa ya huce. Sai ya ɗauki ƙusar takalmin doki, ya lanƙwasa ta zobe, ya miƙa mata.

"Matarka ba za ta yi faɗa ba?" in ji Corinne, wai ita mai dabara.

"Matata tana kanti, 'yammata. Misis Pruitt ake ce mata."

Mu 'yan nan mun san dokar wurin. Muddin ma'aikaci yana cikin kayan aiki, to a shekarar 1884 yake, da sunan da aka ba shi da iyalin da aka ba shi. Misis Oberg, shugabar wurin, ta taɓa korar wani don kawai ya duba waya. Corinne ma ta san dokar, amma zuciya ta rufe mata ido. Ta leƙa kanti, ta ga wata kyakkyawa cikin doguwar riga, ta jefa zoben a aljihun mota.

Bayan kwanaki sai ga shi a asibitin dabbobi inda take aiki, cikin wandon jins, yana janye da kare. Ta ɗaure fuska ta tambaye shi ya iyali. Ya yi dariya har karen ya tsorata. Sunansa Emmett Dvorak, bai taɓa aure ba, wancan auren ma ƙarfe biyar na yamma yake ƙarewa.

Da la'asar saƙonsa ya shigo wayarta: "'Yar ƙusata, yara da yawa na yi wa zoben nan, amma naki kaɗai na tsaya na goge. Ina fata bai yi miki yawa ba."

Ta amsa: "Ya yi daidai, mijin mutane. Ka gaishe da kanti."

Haka suka shafe damina, yana kiranta 'yar ƙusa, tana kiransa maƙerina in ta ga dama.

Matsalar daga kanti ta fito. Darla, mai fitowa a matsayin Misis Pruitt, ta ji daɗin auren wasan fiye da kima. Ko a cikin gari "mijina" take cewa, tana murmushi, ba ta gyara wa kowa. A gidan shan kofi maganar ta iske Arne.

Tsohon ya ce bai yarda ba. Mutum mai suna biyu, wanda ya iya kallon idon jama'a ya faɗi abin da ba haka ba, ta yaya za a gane ranar da yake faɗin gaskiya? Corinne ta yi bayani har ta gaji. Ita kaɗai gare shi tun rasuwar mahaifiyarta, kuma ta riga ta faɗa wa Emmett cewa in ba Baba ne ya riƙe hannunta zuwa gaban fasto ba, to babu auren.

Ta rubuta masa: "Maƙerina, Baba ya kafe. Ina sonka, amma ba zan tsallake shi ba. Na rasa yadda zan yi."

Ya amsa: "Kada ki tsallake shi. Ki ci abinci, don na san ba ki ci ba."

Ranar Asabar, lokacin da wurin ya fi cika, Arne ya sa hularsa ya tafi Dry Fork, Corinne na biye da shi. Ya ratsa 'yan kallo ya tsaya a gaban uwar maƙera. Misis Oberg tana gefe da ayarin baƙi, Darla kuma ta fito ƙofar kanti.

"Samari, tambaya ɗaya ta kawo ni. Wane ne kai, kuma wace ce matarka?"

Emmett ya dubi Misis Oberg. Duk yankinmu nan ne kaɗai ake biyan mutum don ya yi ƙira, kuma yana son aikin kamar ransa. Da ya ce a jira ƙarfe biyar, ba wanda zai ga laifinsa sai Arne.

Ya ajiye masaba, ya kwance walkin, ya ninke shi.

"Yallaɓai, sunana Emmett Dvorak. Ba ni da mata. 'Yarka nake so, in ka amince."

'Yan kallo suka hau tafi, sun ɗauka cikin wasan ne. Darla ta koma kanti ta ja ƙofa. Misis Oberg ba ta tafa ba, kafin yamma ta karɓi makullin maƙerar.

Arne bai ce ya amince ba, ba halinsa ba ne. Cewa ya yi akwai naman sa da dankali a gidansa ranar Lahadi, kuma akwai tsohon zugazugi a rumbunsa da ya rasa mai tayar da shi.

Da kaka aka ɗaura auren a tsohuwar cocin Dry Fork, don Misis Oberg ba ta haɗa doka da ƙiyayya. Har Darla ta zo da kek. Arne ya riƙe hannun 'yarsa zuwa gaban fasto yana share ido, wai ƙurar tsohon gini ce. Zoben ƙusar nan Emmett ya sa mata, ta ƙi na zinariya. Fasto ya sa musu albarka, muka amsa da amin, Allah ya ba su zaman lafiya.

Suna fitowa wata baƙuwa mai kyamara ta tare Arne. Ta ce wasan ya yi kyau ƙwarai, ƙarfe nawa za a maimaita, don mijinta bai gani ba.

Tsohon ya dubi 'yarsa da surukinsa, ya gyara hula.

"Baiwar Allah, ki ba shi haƙuri. Wannan sau ɗaya ake yin sa."