Ruwan Ɗumi a Buta

Inno na suyar dubulan a kicin ɗinsu na unguwar Balsall Heath a Ingila, 'yarta Shifa na jera shi a roba, sai wayar Shifa ta yi ƙara. Taufiq ne daga Manchester, angon da saura wata biyu a ɗaura musu aure.

"Umma ta ga lis ɗin baƙi," ya ce. Muryarsa ba ta yi mata daɗi ba. "Sunan Jabez ne matsalar."

Jabez ɗan Anti Rachel ne, maƙwabciyarsu Kirista 'yar Kafanchan. A gidan su Shifa ya tashi, da tuwon Inno aka raine shi. Yanzu mawaƙi ne da Ingila duk ta sani, kuma watanni uku da suka wuce ya zauna a talabijin ya ce shi ba mata yake so ba, ya gaji da ɓoyewa. Tun ranar ake yawo da hotonsa a gurup-gurup na wasap, kowa na tofa nasa.

"Ta ce in ya taka wurin bikin, lefe zai koma Manchester. Suna ɗaya ne fa, Shifa. Ki cire kawai, please."

"Yayana ne, Taufiq."

"Yayanki ta ina?"

"Ta inda ya ɗauki Baba a bayansa ya sauko da shi daga bene ranar da ya faɗi. Kai kana ina?"

Ta ajiye wayar, hawaye na ɗiga cikin dubulan. Inno ta janye robar. "Kuka dai ki yi, amma ba a kayan baƙi ba. Kuma kada ki sake yi masa gori, ki bar shi da uwarsa."

Kwana tara Taufiq bai kira ba. Shifa takan zauna a kujerar mahaifinta, Dakta Ashafa, wanda ya rasu sanyin bara, tana shafa hannun kujerar inda fatar ta koɗe. Ba ta cire sunan ba, ba ta kuma aika wa kowa baƙar magana ba.

Rana ta goma Taufiq ya tuƙo mahaifiyarsa, Hajiya Sabuwa, har ƙofar gida. "Na ce mata ba zan zaɓa tsakaninki da ita a waya ba," ya raɗa wa Shifa, idonsa ja. "Ki yi haƙuri da shirun."

Hajiya ba ta ɓata lokaci ba. "Inno, mu gidan malamai ne. Wannan yaron ya tsaya gaban duniya ya faɗi abin da ba ya faɗuwa. Gobe a ɗauke ni hoto da shi, in ce wa mutanen Kano me?"

"La'asar ta yi, Hajiya," in ji Inno. "A yi salla tukuna."

Shifa ta kawo mata buta. Da ruwan ya taɓa hannun Hajiya, sai fuskarta ta saki.

"Ɗumi! Gidan nan dai da tarbiyya. Ina ba 'ya'yana labari kullum. Lokacin ta'aziyyar Dakta, ga sanyi kamar ya yanke yatsu, akwai wani bawan Allah mai takunkumi da baƙar hula. Kwana uku yana tsaye a ƙofar baya, yana dafa ruwa yana cika wa mata butoci. Da ya ga gwiwata ta ƙi, kujera ya kawo mini, ya juya mini takalmina. Na dafa kansa na sa masa albarka. Na ce Taufiq, ka ga ɗan halak."

"Sau ɗari na ji labarin nan," Taufiq ya ce.

Shifa ta durƙusa, kanta a ƙasa. "Umma, Yaya Jabez ne. Ya fasa wasansa na Landan ya zo. Takunkumin don kada a gane shi ne, hankalin mutane ya bar Baba ya koma kansa."

Ruwa ya ci gaba da zuba daga butar har ya jiƙa bakin zanin Hajiya. Ta ƙarasa alwala. Ta yi sallarta, ta daɗe a kan dadduma.

"Abin da ya faɗa, ban yarda da shi ba," ta ce bayan ta shafa addu'a. "Har gobe."

"Ba a ce ki yarda ba, Hajiya," Inno ta ce. "Kujera ɗaya ce da faranti."

"Albarkar kuwa na riga na sa. Ban san yadda ake janye ta ba." Ta harari ɗanta. "Kai kuma ka rufe baki, ƙuda zai shiga."

Ranar biki a unguwar Aston, Jabez ya zo cikin farar shadda, ya zauna can baya kusa da mahaifiyarsa. Wasu suka ɗaga waya, wasu suka kau da kai. Shifa na hango su daga kujerar amare, sai ta ga surukarta ta miƙe da gwiwarta mai ciwo, ta ratsa tebura riƙe da farantin waina.

"Kai ne mai butoci?"

"Ni ne, Mama."

"To ci. Ka rame."

Taufiq ya matse hannun amaryarsa. Shifa ta tuna Baba, ta yi murmushi da jiƙaƙƙen ido. Haƙurinta ya tsare mata miji, ya tsare mata yaya. Mutum ya fi abin da ake yaɗawa a kansa a waya. Wanda ya tsaya maka ranar kuka, ba a rufe masa ƙofa ranar dariya. Sauran hukunci na Allah ne.