Ranar Sayen Bakin Amatullahi

Muryarta Awaisu ya fara so, tun bai ga fuskarta ba. Ya kai injin casar masara wani gida a Maska, yana kashe injin sai ya ji wata tana shiƙa a bayan danga tana rera waƙa. Sororo ya yi har maigidan ya tambaye shi ko lafiya. Da ta leƙo da faifai a hannu, gyale naɗe a wuya duk da zafin rana, shi ke nan, Awaisu ya gama yawo.

Sunanta Amatullahi. Daga ranar babur ɗinsa ya haddace hanyar Funtua zuwa Maska, ya kuma raɗa mata suna Kanarina.

Ita da kanta ta gaya masa dalilin gyalen. "Maƙoƙo gare ni tun ina sakandare. Likita ya ce garkuwar jikina ce ke yaƙar wurin, shi ya sa kullum nake a gajiye."

"Da wuyan da maƙoƙon duk ina so," in ji shi.

Ana sa ranar aure sai ta daina ɗaga wayarsa. Awaisu ya kasa zaune ya kasa tsaye, tuwo ma ya daina wuce masa. Da ya ji Mudi ɗan kawunta ne ke kai ta Zariya a mota, kishi ya rufe masa ido, ya tura mata saƙo:

"In kin canza ni da Mudi ne, ki faɗa min da bakinki."

Amsa ta zo, ta fara da sunan da take kiransa da shi:

"Nawa, bakin ne babu. An gano ƙullutu a cikin maƙoƙon, kansa ce, amma sun ce irin mai jin magani ce. An yi min aiki an cire. Jijiyar murya kusa da wurin take, sun ce wataƙila muryar ta dawo, wataƙila ba za ta dawo ba. Na san ita ka so. Na yafe maka alkawari."

A gefen titi ya zauna ya yi kuka, kunyar saƙonsa ta kama shi.

Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa da ta raine shi, tsalle ta yi ta dire. "Kansa, ga shan magani kullum har abada, ga ba murya! Ina dalili? Ga Hansai nan ta maƙwabta, lafiyarta ƙalau."

"Gwaggo, da ni aka yi wa aikin, za ki so ta guje ni?"

Washegari Gwaggo da kanta ta dama kunun gyaɗa, ta ce ya kai ta Maska dubiya.

Bayan ɗaurin aure aka kawo amarya, aka zo kan sayen baki, don amarya ba ta yi wa ango magana sai ya ba da tukwici. Abokan ango suka ce a tsallake, kar a tona wa yarinya ciwo. Ƙawayenta suka dage, suna ƙunshe dariya.

Awaisu ya durƙusa, ya ajiye alawa da turare a gabanta. "Kanarina, ko ba ki ce komai ba har ƙarshen rayuwa, na saya."

Sai wata 'yar dasasshiyar murya ta fito daga cikin lulluɓi, muryar da ta daɗe tana gwadawa a ɓoye saboda wannan rana.

"Nawa, alawar nan ta yi kaɗan."

Gwaggo ce ta fara rangaɗa guɗa daga bakin ƙofa, hawaye sharkaf. "Allah Ya ƙara lafiya, 'yata, Ya ba ku zuriya mai albarka!"

Ango kam ko amin ya kasa cewa.