Gurmin Kentucky a Bas Mai Lamba 53

Sanusi Nata'ala maci amana ne. An aike shi ya nema wa abokinsa aure, ya je ya nema wa kansa. Ba a Kano aka yi wannan ba, inda dangi ke bin sawun kowace magana. A Landan aka yi, inda in ka samu mutum ɗaya mai jin Hausa sai ka damƙa masa makullinka da sirrinka.

Abokin shi ne Is'haq, mai gyaran sauti a wani ƙaramin gidan rediyon Hausa. Flat ɗaya suke zaune da Sanusi a Deptford, kuma ban da shi ba shi da kowa a ƙasar. In ya tashi aiki sai ya hau bas mai lamba 53, ya toshe kunnuwansa da kiɗa, ya zuba wa ruwan sama ido ta gilashi.

Wata la'asar bas ya maƙale a cunkoson Old Kent Road, cajin abin kunnensa ya ƙare, kiɗa ya ɓarke daga wayar kowa yana ji.

"Wayar nan sai ta tona mini asiri," ya faɗa yana laluben makunni.

"Bar shi mana," in ji wadda ke zaune kusa da shi. "Gurmi ne?"

Ya juyo. Budurwa ce da mayafi ruwan toka da katin aikin kantin magani a wuyanta. Ya daɗe bai ji muryar mace da Hausa ba sai ta waya.

"Banjo sunansa," ya ce. "Amma dangi ɗaya ne. Fata ce aka ɗaure a kan da'ira, aka ja tsirkiya a kai. Kakansa daga wajenmu aka tafi da shi, tare da bayi."

"To me ya haɗa Bahaushe da kiɗan Turawan ƙauye?"

"Kaɗaici, 'yar'uwa. Me ya haɗa ki da tambaya?"

"Shi ɗin dai," ta ce. Sunanta Badariyya.

Faifan na wata ƙungiya ne daga tsaunukan Kentucky mai suna Pinhook Ferry, irin kiɗan da suke kira bluegrass. Ba abin raini ba ne. Mutum biyar ne, babu ganga, babu na'urar ɓoye kuskure. Makirufo ɗaya suke kewayewa. Mai banjo ya matso ya zubo sauti kamar ana sheƙa gero a ƙwarya, in ya gama ya ja baya ya ba mai goge wuri, mai goge ya ba mai jita, babbar tsirkiya tana riƙe da su daga ƙasa kamar takun raƙumi. Ba wanda ke danne wani. In sun haɗa murya kuwa, akwai wata siririya da ke hawa sama da sauran, kamar mai kiran wanda ya riga ya yi nisa. Waƙoƙinsu duk na wanda ya bar gida ne: gona da aka sayar, jirgin ƙasa da ba ya dawowa, kabarin uwa a gindin tsauni.

Is'haq ya wuce tasharsa yana wannan bayani, bai sani ba sai a Plumstead.

A can Badariyya ke zaune da mahaifinta, Alhaji Abdul-Rahaman, tsohon likita. Tun rasuwar mahaifiyarta gidan ya yi shiru. Su ci abinci, ya buɗe labarai, ta hau sama.

Saƙonni suka fara.

"'Yar 53, kin saurari waƙa ta huɗun? Ji yadda mai goge ke jira sai mai waƙa ya ja numfashi sannan ya shigo."

"Na ji, Ɗan Gurmi. Ta sa ni kuka a jirgin ƙarƙashin ƙasa, wata tsohuwa ta ba ni tishu. Kai za ka biya."

"Zan biya da shayi. Na yi booking ɗin kujerar gefenki har abada."

Tun da wuri ya gaya mata asalinsa. Mahaifinsa makaɗin gurmi ne a Gumel, mai kaɗa wa 'yan kokawa. Da kuɗin tsirkiya aka yi masa makaranta. Ta ce, "To sai me? Ni ɗan nake so, uban kuma in gaishe shi da ladabi."

Da magana ta kai ga manya, Is'haq ya rasa wanda zai tura. Saurayi ba ya zama gaban suruki ya yi wa kansa baki. Sai ya roƙi Sanusi, wanda ya girme shi, ya tsaya masa a matsayin wa.

"Yaya Sanusi, ka faɗa masa gaskiya cewa babana makaɗi ne. Kada ya ji a bakin wani."

"Bar mini komai, ƙanena," in ji Sanusi, yana gyara hula a madubi.

Is'haq ya raka shi har bakin layin, ya tsaya a rumfar jiran bas saboda kunya. Sanusi ya shiga shi kaɗai. Ya ga gida, ya ga Badariyya ta ajiye shayi ta fita, zuciyarsa ta lalace.

"Baba," ya ce, "aike ne ya kawo ni, amma tsoron Allah ya fi aike. Yaron nan a mashaya yake ƙarewa, wurin kiɗan Turawa. Na sha ɗauko shi bai san inda kansa yake ba." Sannan ya ƙara da cewa shi ma bai yi aure ba, kuma takardunsa na zama sun cika.

Da ya fito ya dafa kafaɗar Is'haq. "Sai haƙuri. Ya ce ba ya haɗa jini da maroƙa."

Alhaji kuwa abin da ya ce wa 'yarsa kawai shi ne, "Na bincika. Bai dace da ke ba." Ba ta tambayi dalili ba, don ba a yi mata tarbiyyar tambaya ba.

Saƙon Is'haq ya iso da yamma.

"Badariyya, an ce mini Abba ba ya haɗa jini da maroƙa. Ba zan iya sauya ubana ba, kuma ko zan iya ba zan yi ba. Ki bi maganar Abba. Allah Ya ba ki wanda ya fi ni asali."

Kunya abu ne mai kyau, amma a nan mutum uku ta rufe wa baki, maƙaryaci ya samu fili. Hunturu ya shigo ya fita. Is'haq ya koma hawa jirgi don kada ya gan ta a bas. Ya daina sauraron faifan. Yana dafa taliya ya zuba wa Sanusi rabi, Sanusi ya cinye, ran Lahadi ya sayi kilishi ya tafi Plumstead gaishe da Baba. Badariyya tana jin muryarsa take hawa sama ta rufe ƙofa.

Wata Juma'a ta ɗauki mahaifinta a mota zuwa maƙabarta, ziyarar kabarin mahaifiyarta. A hanyar dawowa wayarta ta haɗu da rediyon motar, faifan ya tashi. Ta kai hannu za ta kashe.

"Bari," in ji Alhaji.

Ya saurara har waƙar ta ƙare, ta biyu ta fara. Yatsansa yana bugun gwiwarsa.

"Wannan mai tsirkiyar ya iya. Kin ji yadda yake tafiya a ƙarƙashin muryar, bai taka ta ba? Haka masu gurmi ke yi a Haɗejia muna yara. In an buɗe filin kokawa bayan girbi, ko an ɗaure ni sai na je. Me suke cewa? Turancin nasu ya fi ƙarfin kunnena."

"Yana cewa ya bar uwarsa a ƙasar da ba tasa ba."

Alhaji ya juya fuskarsa ga taga. Badariyya ta gangara gefen titi ta tsaya.

"Abba, ka gafarce ni. In gurmi yana taɓa ka haka, me ya sa ka ƙi ɗan mai gurmi?"

"Wane ɗan mai gurmi?"

"Is'haq. An ce masa ba ka haɗa jini da maroƙa."

"Ni? Ban ma san sana'ar ubansa ba. Mashayi aka ce mini."

A wannan karon Alhaji bai tsaya ga baki ɗaya ba. Ya tambayi liman, ya tambayi abokan aikin yaron, sannan ya kira Is'haq da Sanusi gidansa.

"Is'haq, ɗago kanka. Yau da bakinka za ka yi magana. Ka taɓa shan giya?"

"Ban taɓa ba, Baba."

"Mahaifinka fa?"

"Makaɗin gurmi ne. Da shi ya ciyar da mu."

"Madalla. Sanusi, maimaita abin da ka faɗa mini, ga shi a zaune."

Sanusi ya kalli kafet, ya kalli ƙofa. Is'haq bai zage shi ba. Cewa kawai ya yi, "Yaya Sanusi, ai ko jiya tare muka ci abinci."

An ɗaura auren a wani masallaci a Old Kent Road, bazara ta shigo. Limamin ne ya wakilci ango. A wurin walima aka kira Gumel ta bidiyo, aka kunna wa tsohon makaɗin faifan. Ya karkata kunne ya daɗe, sannan ya ce, "Yaron yana da hannu, amma ku ce masa ya rage sauri, ba kora aka yi masa ba." Ya jawo gurminsa, yatsunsa sun sandare amma sun tuna hanya, ya bi Baturen a hankali. Alhaji Abdul-Rahaman ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ɗan Gurmi," Badariyya ta raɗa wa angonta, "har yanzu ina bin ka shayi."

"Kullum da safe, 'Yar 53."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Ya cika gidan nan na Plumstead da hayaniyar jikoki.

Sanusi yana nan a flat ɗin Deptford shi kaɗai. Ya nemi aure tun daga nan, ba sau ɗaya ba. Duk gidan da ya je sai a ce masa ya turo wakili, kuma babu Bahaushe ko ɗaya a Landan da ya yarda ya wakilce shi.