Fuskata da Mai Shagon Turare

"Kar ki taɓa, Mama... zafi!"

Na riƙe hannunta kafin audugar ta kai kumatuna. Ina zaune ne a kujerar shagonta, gaban babban madubi, fuskata ta yi jajir, gefen hancina yana ɓarewa. Hawayen da ke gangaro min ma ji nake kamar ruwan barkono.

Mama gyaran fuska da gashi take yi, ni kuwa autarta, fuskata ce tallar shagon. Duk sabon man da ya shigo a kaina ake fara gwada shi. A gidanmu haka ake nuna so, idan Mama tana ƙaunarki sai ta shafa miki wani abu. A makon nan ta gurje ni da sabulu mai yashi-yashi, ta bi da ruwan lemun tsami, ta ɗora wani mai da aka ce yana fito da haske. Da fatar ta fara raɗaɗi, sai ta ƙara wani don ya kashe na farkon.

'Yar goggona, wadda suke aiki tare da Mama, ta taɓe baki ta ce ai ba man ba ne, turaren mutumin nawa ne.

Mutumin nawa shi ne mai shagon turaren da ke kallon namu a tsallaken titi. Allah sarki, wancan lokacin. Kafin ya yi sallama hancina ya riga ya gaya min ya iso. Duk haɗin da ya yi sai ya ɗiga min a bakin mayafi ya tsaya yana jiran hukunci, in na ce ya yi ƙarfi ya dafe ƙirji wai na kashe shi. Ita kuwa 'yar goggon tawa, ta sayi turare a wurinsa har ya fi ƙarfin jikin mutum ɗaya, bai taɓa gane abin da take zuwa saya ba.

Mama ta cafke maganar turaren nan ta 'yar goggona da hannu biyu, don ta fi mata sauƙi a kan ta zargi hannunta. Ranar ta aika masa kada ya sake taka mata ƙofa.

Yayana ne ya gaji da kallona ya kai ni wurin likitar fata. Matar ta duba ni a natse, ta ce fata tana da wani siririn shinge da ke riƙe danshi a ciki ya kuma tare abin da zai cutar, to nawa an gurje shi tas. Ta ce in ajiye komai. Ruwa mai ɗan ɗumi, abin wanki marar kumfa marar ƙamshi, in ɗan danna tawul a hankali ba gogewa, in shafa mai marar ƙamshi tun fuskar da laima, in guji rana, sai kuma haƙuri.

Na tambaye ta a hankali ko turare ne ya jawo.

"A'a, gurza ce," in ji ta. "Amma dama fatarki ba ta da juriya. Yanzu kam ba za ta ɗauki turare ba, wataƙila ma har abada."

Har abada...

Ni da nake son mutumin da ko aljihunsa ƙamshi yake.

Da yayana ya mayar wa Mama da bayani, rabin ƙarshen kawai ta ji. Ta ce to magana ta ƙare, ba za ta ba da 'yarta inda za ta rayu cikin susa ba.

Na shige ɗaki na rufe kaina. Mutumin nawa yana kira ina kallon wayar har ta katse, don ban san da wane baki zan ce masa sana'arsa ce ta raba mu ba, kuma ban so ya gan ni haka. Sai kiran ya tsaya cak. Ashe 'yar goggona ta tsallaka ta gaya masa na ce shi ya lalata min fuska, ba na son ko jin sunansa.

Fatar ta warke a kan lokacinta, ba ta saurari kowa ba. Raɗaɗin ya fara tafiya, sannan ɓarewar, jan kuma ya daɗe yana min gardama. Mama ta fi ni shan wahala, sai ta shigo da kwalba a ɓoye cikin zani, ta kalle ni, ta juya da abarta tana ƙunƙuni. Ni kuwa fuskata tana sauƙi, zuciyata tana ƙara ciwo.

Wata rana da yamma ina falo ina ninke tawul ɗin shago, aka yi sallama. Ban ɗago ba, na zaci mai gyaran famfo ne.

"Ko kallona ma ba za ki yi ba, zuciyata?"

Tawul ya suɓuce min. Shi ne, tsaye bayan yayana, cikin wata sabuwar riga, ba ya ƙamshin komai. Na sa hannu zan rufe fuska.

"Bar ta," ya ce. "Na yi kewarta a yadda take."

Yayana ne ya je ya warware masa gaskiya. Da Mama ta fito da faɗanta, mutumin nawa ya durƙusa ya ce ya kama ɗan ɗakin da ke bayan shagonsa ya sa famfo. Kullum ya tashi aiki can zai yi wanka, ya bar kayan shago a shago, ya sa na gida, ko kwalba ɗaya ba za ta bi shi ba. Mama ta zagaya shi tana shinshina iska kamar mai neman inda girki ya ƙone.

"Har yaushe za ka iya wannan?"

"Har ranar da ta gaji da ni, Mama."

Ta daɗe tana kallon tafukan hannunta. Sannan ta ce ai ita ce ta ƙona ni, ba shi ba, ta fashe da kuka. Ni ma na taya ta, kuma ranar hawaye bai yi min zafi ba. 'Yar goggona dai ba ta sake tsallaka titin ba.

Bai taɓa saɓa alkawarin nan ba. Mun yi aure, yaranmu sun girma, abokansu ba sa yarda cewa ubansu mai turare ne, don gidanmu ko sabulu ba ya ƙamshi. Fuskata lafiya ƙalau, kuma ina son mutumin nan fiye da yadda zan iya faɗa.

Sai dai wani lokacin kewa takan kama ni, in ƙirƙiri sayayya in bi ta tsohon titinmu, in tsaya nesa kaɗan da shagon har iska ta kawo min ƙamshinsa na da. Da ya hango ni sai ya taso da gudu ya ja ƙofar gilashin ya rufe, yana min nuni da hannu in matsa kada fuskata ta tashi. Nakan matsa ina murmushi. Har yau ban gaya masa abin da ke kawo ni ba.