Tukunyar Kogon Arewa

Nata'ala dillalin kayan tarihi ne a Zongo. Wani direba ya kawo masa tsohuwar tukunya daga wani kogon dutse a arewa, inda mutanen ƙauyen ba sa shiga sai sun cire takalmi. Duk baƙon da ya taya ta, sai Nata'ala ya ce gadon kakarsa ce.

Ran nan bayan isha'i wuta ta ɗauke, yana ƙofar shagonsa, sai ya ji sanyi da warin jemage. Wata tsohuwa ce tsaye a gabansa. Muryarta tana fitowa kamar daga cikin rijiya, alhali a fili suke.

"Sannu, jikana. Na ji kana cewa ni ce kakarka."

"Iya, maganar ciniki ce kawai," ya ce. "Ga tukunyar, ki ɗauka."

"Ba ita na zo nema ba. Ina abin da ke ciki?"

Nata'ala ya sunkuyar da kai. Ƙasa ce da wasu 'yan fararen gutsattsarin ƙashi, ya juye su a kwata tun ranar farko. Ya so yin ƙarya, harshensa ya ƙi.

"Na zubar, Iya."

Ba ta zage shi ba, kuma wannan ya fi komai ƙona shi. Ta juya a hankali tana jijjiga bayanta, tana rarrashi. Sai a lokacin ya ga zanin goyo a ɗaure tamau, babu kowa a ciki.