Sunan da Yalwa Ta Ara

"Wane ne Kallamu a cikinku? Ya taso mu gan shi!"

Dattijuwar 'yar Chinan da ke jagorantar taron ta faɗa tana murmushi. Yalwa ta dafa kujera za ta miƙe. Sati uku tana shirya wannan tashin.

Kafin ta ɗaga, sai ta ji muryar da ta fi sani a duniya.

"Ni ne."

Abdulhakeem!

Shi ne tsaye a layin gaba, cikin farar shaddar da ita da kanta ta zaɓa masa a kasuwar tufafi ta Shisanhang, nan China. Tafi ya ɓarke a ɗan shagon littattafan da aka taru don tattauna wani labarin Kallamu da aka fassara zuwa yaren China. Ita kuwa sai ta koma ta zauna.

Shekara uku ke nan Yalwa na rubuta labaran kumbon sararin samaniya da duniyoyin da ɗan Adam bai taɓa takawa ba. A wani zaure na waya take sakinsu, Zauren Taurari, inda Hausawa masu son irin waɗannan labarai ke haɗuwa, kusan dukkansu maza. Ranar da ta fara turawa da sunanta, wani ya rubuta, "Hajiya, a koma labarin soyayya, nan ba wurin mata ba ne." Aka yi ta dariya. Ta fita, ta dawo da sabuwar lamba da sunan namiji, Kallamu. Daga nan yabo ya fara zuba.

Mutum ɗaya ne ya gano ta, Abdulhakeem, mai sayar da kayan waya, wanda ya kafa zauren. Daga gyaran labari suka zarce zuwa soyayya, har an sa ranar da magabatansa za su kira mahaifinta.

Yau ga shi ya tsaya a gaban mutane da sunanta.

"Yaren China bai zauna a bakinsa ba," in ji dattijuwar. "Akwai mai yi mana tafinta?"

Idanu suka juyo kan Yalwa, don kowa ya san ita ke yi wa mahaifinta tafinta a ofishinsa da ke ginin 'yan kasuwa na Tianxiu.

Haka ta fito ta tsaya a gefensa. Bai iya kallonta ba.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu. "Me ya sa jarumar labarinka ta ɓoye ƙwayar gero a kalmasar zaninta kafin ta hau kumbo?"

Yalwa ta fassara wa Abdulhakeem, ya ce, "Saboda... saboda kada yunwa ta kama su a can."

Yalwa ta juya ga ɗalibar, ta ce da yaren China, "Saboda geron gonar mahaifiyarta ne, kuma mahaifiyar ta rasu. Tana so ko a wata duniya ta shuka abin da hannun uwarta ya taɓa."

Dattijuwar ta daɗe tana kallon Yalwa, sannan a hankali ta ce, "Xiexie, na gode, 'yata."

Ana tashi Yalwa ta fice. A bakin titin Huanshi ya cim mata, ana yayyafi.

"Yalwata, tsaya ki ji..."

"Kada ka ƙara kirana da wannan sunan!"

"Don Allah, hasken idona..."

"Kai ne ka ce in tashi in faɗi sunana! Kai ne ka ce lokaci ya yi! Ashe kujerar kake so wa kanka?"

"Ba ki ga wanda ke zaune a bayana ba?"

Ta girgiza kai.

"Saifullahi ne," ya ce. "Da waya a hannunsa, yana ɗauka."

Saifullahi ɗan baffanta ne, shi ke kula da lodin kayan mahaifinta. Sau biyu yana neman aurenta tana ce masa ya yi haƙuri.

"Ya ga labarin a kwamfutar ofis," in ji Abdulhakeem. "Ya kai wa Alhaji mahaifinki. Ya ce kina cikin maza sama da ɗari kina rubuta cewa mutum zai saukar da ruwan sama a wata duniya, wai kina ja da ikon Allah. Da safen nan Alhaji ya kira ni. Ya ce in ya tabbata ke ce, gobe za ki hau jirgin Kano, kuma ke da rubutu har abada."

"Sai ka ce masa me?"

"Na ce ni na rubuta, ke buga min kawai kike yi."

Hawaye suka zubo mata. "Shi kuma ya ce me?"

Ya kawar da kai.

"Hakeem... me Abba ya ce?"

"Ya ce mai irin wannan tunanin ba zai ba shi 'yarsa ba."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

"Zai huce, masoyiyata. Ni zan jure. Ke dai ki ci gaba da rubutu."

"Da sunan wa? Suna na aro wa kaina, yanzu na aron ma ya zama naka, kai kuma an raba ni da kai. Me ya rage min?"

Ta juya masa baya. Ta tare tasi ta shige.

Alhaji Ilu na zaune a ofis, tsakanin dilolin atamfa, yana sallamar wani ɗan China da ke ta ce masa "laoban, laoban", wato maigida. Yalwa ta jira ya fita, ta durƙusa a gaban tebur.

"Abba, ni ce Kallamu."

Ya cire tabarau.

"Ni na rubuta, tun daga na farko har na ƙarshe. Babu saɓo a ciki, Abba. Matar da ke labarin sai da ta yi salla ta roƙi Allah kafin ruwan ya sauka. Yaya Saifu shafi ɗaya ya nuna maka. Ka karanta duka, in ka ga kafirci ka yanke min duk hukuncin da ka so."

Ta miƙa masa wayar da hannu biyu.

Ya karanta. Ya daɗe yana karantawa, har aka kira la'asar a wayar wani a shagon maƙwabta. Da ya kai wajen geron sai ya tsaya, ya share ido da gefen hularsa, don shi ma ya san gonar da ake nufi. Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifiyar Yalwa.

"Ban ga saɓo ba," ya ce. "Saifullahi zai gamu da ni. Ki yi rubutunki."

"Na gode, Abba! To... Abdulhakeem fa?"

Fuskarsa ta canja.

"Na tambaye shi sau uku, Yalwa. A na ukun na ce ya rantse, ya rantse."

"Don ya kare ni ne, Abba!"

"Na sani. Amma wanda ya kalli tsabar idona ya rantse da Allah a kan ƙarya, yaya zan yi in yarda da shi ranar da zai ce min 'yata na lafiya a gidansa?"

"Abba, ka tausaya min..."

"Na gama magana."

Ba ta haƙura ba. Ta kira gwaggonta a Kano, ta sa limamin da ke jan su salla ya je, Abdulhakeem da kansa ya zo ya durƙusa ya ce ya tuba, ya yi kaffara. Alhaji ya ce ya yafe masa duniya da lahira, amma aure babu. Da maganar ta isa gidan su Abdulhakeem, mahaifiyarsa ta yi fushi, ta ce ɗanta ba abin wulaƙantawa ba ne, ya tattaro ya dawo gida, ba ta yafe ba in ya ƙara kwana da maganar yarinyar nan.

Wata biyar aka yi ana wannan ja-in-ja.

Ranar da zai tafi, suka haɗu da hantsi a bakin tashar jirgin ƙasa ta Xiaobei. Ya rame, ita ma haka.

"Na mayar da zauren zuwa hannunki," ya ce. "Na kuma gaya musu gaskiya, cewa ban taɓa rubuta ko layi ɗaya ba."

"Da ka bar ni na tashi ranar nan, Hakeem..."

"Na sani. Kullum sai na faɗa wa kaina."

"Da Kano kawai za a kai ni. Da ka biyo ni."

"Tsoro na ji, Yalwata. Na ga za a karya miki alƙalami, ban tsaya na tambaye ki ba."

Ta rufe fuska da mayafi tana kuka.

"Ki yafe min."

"Na yafe... Allah ya ba ka wadda ta fi ni."

"Kada ki yi min wannan addu'ar. Ba zan iya cewa amin ba."

Ya ja akwatinsa ya gangara matakala. Ta tsaya tana kallon farar hularsa har mutane suka shanye ta.

A kan dakalin bakin tashar ta zauna, ta buɗe zauren, ta goge Kallamu, ta rubuta Yalwa Ilu. Wasu suka fita nan take. Wani ya rubuta, "Ai dama na yi zargi."

Sai ga saƙo ya shigo ta gefe, daga lambar Nijar.

"Salamu alaikum, Anti. Sunana Habsatou, daga Maraɗi. A zauren ni ce Moussa. Wallahi ban san ke mace ce ba. Ni ma ina da labari guda, shekara biyu yana wayata, ina jin tsoro. In turo?"

Hawaye ya ɗiga a kan gilashin wayar. Yalwa ta goge shi da babban yatsa, ta goge na idonta, sannan ta rubuta:

"Turo, ƙanwata. Ki sa sunanki a sama."